Kwikwiyon da Inna Ta Karɓa Amana

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda a lokacinsu nake rantsuwa ba za su taɓa fita raina ba. Amma daminar da muka yi jinyar wani ɗan kwikwiyo a gidanmu na Makera, ni da uwar mijina, wannan kam sai dai a binne ni da ita. Ko yanzu da furfura ta cika min kai, in na ji yaro yana tari mai nauyi daga ƙirji, kafin in tausaya wa yaron sai ɗan halittar nan ya faɗo min a rai. Na san wani zai ce duk abin tunawa na duniya a rasa na riƙewa sai kare. Ni ma haka zan ce, da ba da hannuna aka yi ba.

Shekarar da sojoji suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki ne. Hotunan 'yan takara suna nan manne a katangun unguwa, ruwan sama yana ɗaye su kaɗan-kaɗan. Wayar hannu ba ta zo mana ba tukuna, in mutum ya yi tafiya sai ranar da ka gan shi. Ni ban daɗe da aure ba, ina ɗinki a ɗakina. Maigidana yana aiki a masaƙa a Kakuri, mahaifiyarsa kuma, wadda muke ce wa Inna, tana zaune tare da mu. Inna mace ce mai kirki, amma a kan tsarki ba ta da sauƙi ko kaɗan. Butarta daban, kofinta daban. In kaza ta bi ta gefen dardumarta sai an wanke an shanya. Ni kaina sai da na yi watanni a gidan kafin ta yarda da irin ɗaurayar da nake yi wa kwanuka.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da wata mata 'yar Filato, Kirista, da duk layin ke kira Maman Biyu saboda tagwayenta mata. Mijinta abokin aikin maigidana ne, tare suke fita in jiniyar masaƙa ta yi kuka. In za ta kasuwa, wurin Inna take barin yaran. In ta yi gwaten acca, sai ta miƙo mana ta saman katanga, Inna ta sha ta ce gishiri ya yi kaɗan, ta kuma shanye.

A tsakiyar daminar nan mijin Maman Biyu ya kwanta 'yar gajeriyar jinya, Allah ya yi masa rasuwa. Al'adarsu ce a kai gawa gida a binne, a kuma zauna makoki na tsawon lokaci. Da safen da za su tafi, mota tana tsaye a bakin layi, mutanen cocinsu suna ta waƙa a hankali, sai ga ta ta shigo gidanmu rungume da wani kwali. Idanunta sun kumbura. Ta durƙusa gaban Inna ta ajiye kwalin.

"Mama, amana na kawo miki. Ki riƙe min har mu dawo."

Inna tana kuka, ko kallon kwalin ba ta yi ba. Ta dafa mata kai ta ce, "Na karɓa, Uwar Biyu, na karɓa. Je ki, Allah ya ba ki haƙuri."

"Shi ne abu na ƙarshe da babansu ya shigo da shi gida," in ji ta. "A aljihun rigarsa ya kawo musu. In muka dawo babu shi, ban san abin da zan gaya wa yaran nan ba."

Direba ya danna hon, ta tashi ta fita da sauri. Maigidana ma ya bi su don ya raka gawar abokinsa. Muka rage ni da Inna da kwali a tsakar gida. Ni na ɗauka agogo ne ko rediyo. Muna share hawaye sai kwalin ya motsa, wani ɗan baƙin hanci ya turo marfin, ga kunnuwa biyu a kwance. Kwikwiyo ne ja, bai fi tafin hannuna biyu ba, da alama ma ba a daɗe da raba shi da nono ba.

Ban taɓa ganin Inna ta yi irin tsallen da ta yi ran nan ba. Ta ja da baya tana salati, ta tattare zaninta kamar wadda ta ga ruwa ya malalo. Ni kuwa, Allah ya yafe min, ga makoki ga komai, dariya ta kufce min har sai da na toshe baki da mayafi. Ba don ina son kare ba. Tun ina yarinya wani kare ya taɓa korata har na zubar da tallan gyaɗa, tun daga nan ba ma shiri da jinsinsu. Na ce mu nemi wani daga cikin mutanensu mu ba shi. Inna ta ce duk sun bi gawa, kuma ko da suna nan, bakinta ya riga ya ce ta karɓa, a gaban mace mai takaba. Ta zauna a bakin ƙofarta ta yi tagumi tana kallon abin, shi kuma yana kallonta yana kaɗa ɗan wutsiyarsa.

Can sai fuskarta ta washe. Ta ce ta tuna, ta taɓa ji a wurin wa'azi cewa maganin najasar kare wanki bakwai ne, ɗaya da ƙasa. Tunda haka ne, abin ya zo da sauƙi. A wanke shi sau bakwai, ɗaya da ƙasa, ya tsarkaka, sai ya zauna a madafi. Ni ma na taɓa jin maganar wanki bakwai ɗin, don haka ban ga abin musu ba. Har na yaba mata a raina, na ce tsufa ya yi rana.

Lokacin marka ce, kwana da kwanaki rana ba ta leƙo ba, yayyafi ba ya tsayawa. Na ɗaura leda a hannuwana, na jawo ruwa daga rijiya, sanyinsa har cikin haƙori. Inna tana tsaye daga nesa tana lissafi da yatsu, ni ina kwarara masa. Na cuɗa shi da jar ƙasa, na ɗauraye, na sake, na sake. Da fari yana ta ihu yana zillo. Wajen na biyar sai ya yi shiru, jikinsa kawai ke karkarwa. Inna ta ce, "Kin gani, har ya saba." Muka shimfiɗa masa buhu a madafi, inda kwanon rufin yake yoyo ta gefe, muka ajiye masa ɗan tuwo. Washegari ya yi fitsari ya kwanta a kai, Inna ta ce tsarkin jiya ya warware, a sake. Haka muka riƙa yi masa kowace safiya. Yanzu in na tuna sai tsigar jikina ta tashi, amma wallahi a lokacin babu mugunta ko ta ƙwayar zarra a zuciyarmu. Gani muke muna yi masa gata, muna nema masa hanyar zama a gidan Musulmi.

Ba a jima ba ya daina cin abinci. Hancinsa ya bushe, sai majina mai kauri. Ya daina fitowa ya tarye ni in na shiga madafi. Wata rana da la'asar ina kan keke ina ɗinki, Inna tana jan carbi a bakin ƙofa, sai muka ji ya yi wani tari, ƙarami amma mai zurfi. Na ga yatsun Inna sun tsaya a kan carbin. Ta tashi, ita da ba ta taɓa kusantarsa ba, ta je ta durƙusa a ƙofar madafi ta daɗe tana kallo. Na bi ta. Yana kwance ya miƙe wuya, bakinsa a buɗe, haƙarƙarinsa yana shiga yana fita da sauri, ƙirjin yana wani kuka kamar kunu ya fara tafasa.

"Na san wannan numfashin, 'yar nan," in ji ta, muryarta a ƙasa. "Sanyin haƙarƙari ne."

A nan, tana durƙushe, ta gaya min abin da ban taɓa ji ba ko a bakin ɗanta. Kafin ta haifi maigidana, ta binne yara biyu a ƙauyensu, dukansu da irin wannan numfashi, dukansu a damina. Babu asibiti kusa, sai dai a yi ta hayaƙi ana shafa mai ana kallo. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ja maganar ba. Ta miƙe ta ce in hura garwashi.

Muka yi masa abin da ta sani. Muka cika kasko da garwashi, ta zuba wasu saiwoyi da take ajiyewa a ƙullin tsumma, muka rufe ƙofar madafi don ɗumi ya kama shi. Da na buɗe bayan ɗan lokaci, hayaƙi ya turnuƙe, shi kuma ya ja jiki ya kai hancinsa ƙasan ƙofa yana neman iska. Tarin ya ƙaru. Na fito da shi da sauri, a karon farko ba tare da na tsaya neman leda ba. Jikinsa zafi rau, nauyinsa kuma bai kai na ƙullin gishiri ba.

A wannan halin maigidana ya dawo daga Filato ya same mu. Da muka ba shi labarin wankan, ya dubi mahaifiyarsa, ya sunkuyar da kai. Cikin ladabi ya ce shi dai a saninsa kwanon da kare ya sa wa baki ake wankewa, ba karen ba. Inna ta ce yaushe ya zama malami. Bai ja da ita ba, ya bari sai da aka yi magariba ya tambayi limamin unguwa. Ya dawo ya ce liman ya fara dariya, da ya ji abin yana bakin mutuwa sai ya daina. Liman ya ce kwano ake nufi, kuma dabba ma tana da hakki a kan wanda ya tsare ta.

Inna ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta daɗe. Ni da ke zaune da ita kullum na san ba fushi ya shigar da ita ba. Da ta fito, ba ta dubi kowa ba, ta ce, "Gobe da sassafe a kai shi wurin likitansu. Ai suna da likita, ko?"

Maigidana yana da aikin safe, don haka tafiyar ta faɗo kaina. Na naɗe shi a cikin ƙyallaye, na rungume shi a ƙirji, na saki hijabi a kai. Ƙyallen da ya fi kauri a kwandona ragowar atamfar kamfe ce da na ɗinka wa wasu mata lokacin zaɓe, don haka da fuskar ɗan takara a gadon bayansa ya yi tafiyar. A cikin bas ya yi tari, wata dattijuwa da ke gefena ta ce, "Ayya, sannu. Allah ya ba jaririn lafiya. Ki rufe shi da kyau." Na ce amin, na ƙara jan hijabina, ina addu'ar kada ya ce zai yi haushi. Bai ma da ƙarfin yi.

Likitan dabbobin wani mutum ne mai gilashi, da gani ya gaji da duniya. Ya sa abin sauraro a ƙirjin kwikwiyon, ya daɗe, sannan ya ce, "Hajiya, ruwa ya faɗa?" Na gaya masa gaskiya tun daga wankan har hayaƙin. Na shirya jin dariya ko faɗa, amma sai ya cire gilashinsa ya murza ido kawai. Ya ce nimoniya ce, ta kama huhun sosai. Ya yi masa allura, ya ce in riƙa dawo da shi ana ƙarawa, ya ba ni wani maganin ruwa da sirinji marar tsinke na ɗura masa. Sannan ya ce sauran aikin na gida ne. A ajiye shi a ɗaki mai ɗumi marar laima, inda iska ke shiga amma ba ta kaɗa shi. Kada hayaƙi ya kusance shi, sai dai tururin ruwan zafi zalla. A riƙa juya shi, ana ɗan bubbuga masa haƙarƙari da yatsu don majinar ta saki. Abin da ya fi komai, ya ci, ko da lasa ce. "Ban yi miki alkawari ba fa," in ji shi. "In ya ƙi ci, allurata ba za ta yi komai ba."

Tun a hanya nake juya maganar ɗaki. Gidan haya ne, ɗaki biyu da madafi da ɗan zaure. Namu ɗakin bangonsa yana tsattsafo da ruwa duk damina, har keken ɗinkina sai na ɗora a kan bulo. Madafi yana yoyo, ga hayaƙin girki. Ɗaki ɗaya ne busasshe mai ɗumi a gidan, shi ne na Inna, inda dardumarta take, inda ko ni ba na shiga da takalmi. Na iso na zayyana mata abin da likita ya ce, na tsallake zancen ɗakin, na ce zan san yadda zan yi. Ta dube ni ta ce, "Ina ne marar laima a gidan nan?"

Ta tashi ta shiga. Ta fito da dardumarta, da butarta, da Alƙur'aninta a cikin gafaka, da tabarmar kwanciyarta, ta kai su zaure. Na ce, "Haba Inna, zaure da sanyin nan?" Ta ce ita ba za ta yi salla a ɗakin da kare yake ba, ba kuma za ta bar shi ya mutu a madafi ba, to in gaya mata hanya ta uku. Maigidana ya roƙe ta ta koma namu ɗakin mu mu koma zaure, ta ce ba ta kwana a gadon ɗanta. Haka tsohuwar nan ta tare a zaure, ana kare mata iska da buhunan da na ɗinke, kwikwiyo kuma ya samu ɗaki sukutum shi kaɗai.

Daga nan rayuwar gidan ta koma kansa. Ɗinkin mutane ya tsaya, masu kaya suna zuwa ina ba su haƙuri, ban kuma iya faɗa musu dalili ba. Nakan tafasa ruwa in zuba a kwano, in ajiye a gefensa, in kifa babban kwando a kansu duka, in lulluɓe da zani in bar kafa, kamar dai yadda ake yi wa mutum surace. In an buɗe, sai in ɗora shi a cinya ina bubbuga haƙarƙarin da yatsu biyu har ya yi tari ya fitar da abin da zai fitar. Nakan cika kwalba da ruwan ɗumi in naɗe ta da tsumma ya jingina. Maganin kuwa sai na buɗe gefen bakinsa in ɗiga a hankali don kada ya shaƙe. Inna tana tsaye a bakin ƙofar ɗakinta kamar baƙuwa, tana ba da umarni. "Juya shi, ya daɗe a wannan gefen." "Ruwan ya huce, 'yar nan, ba ki gani?" Wani lokaci har haushi take ba ni, in ce a raina mai ɗaki ta fi ni sanin aiki amma ba ta taɓawa.

Cin abincin ne ya gagara. Na gwada madara, na gwada kunu, na dafa ƙashi na tace romo. In na kai masa cokali sai ya kau da kai. In na ɗura da sirinji sai ya biyo ta gefen baki. Kullum ƙara ramewa yake, har ana ƙirga ƙasusuwan bayansa da ido. Wata rana da hantsi na ɗaga shi, kansa ya langaɓe a hannuna, idanun a rabin rufe. Sai kawai na ji hawaye yana zubo min, ni da nake cewa ba ni ba kare. Tausayinsa ya kama ni, tsoro kuma ya fi tausayin yawa, don fuskar tagwayen nan kawai nake gani suna shigowa da gudu suna tambaya.

Na ce, "Inna, wannan ba zai yi ba. In ta Allah ta kasance, mu sa a nemo wani ja irinsa. Yara ne, kafin su dawo ai ya kamata a ce ya girma ya canja. Ba za su gane ba."

Har gobe ina ganin dabarar ba ta da laifi a wurin mai neman mafita. Amma Inna ta kalle ni ta ce, "Su ba za su gane ba. Ni fa?"

Sai ta tuɓe takalmanta ta shigo. Ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu, ta ce in ɗora mata shi. Na tsaya ina kallonta, ta ce, "Ba da ke nake ba?" Na ɗora shi a cinyarta. Ta tsoma ɗan yatsanta a romon, ta shafa masa a dasashi, ta jira. Ta sake tsomawa ta shafa. Tana yi tana magana ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi wa jariri, tana ce masa ya yi haƙuri, ya taimake ta, kada ya kunyata ta. Na ga fuskarta a yamutse, don ƙyamar tana nan ba ta je ko'ina ba, amma hannun bai janye ba. An daɗe ana haka, sai ga ɗan harshen ya fito ya lashi yatsan. Ya sake lasa. Inna ba ta ɗago ba, ta ce, "Ƙaro romon."

Daga ranar, a yatsan Inna kaɗai yake ci. In ni na miƙa nawa sai ya rufe ido, ɗan butulu, duk bubbugar da na sha yi masa. Kowane ɗan lokaci sai ta shigo ta ba shi, in ta gama ta fita bakin rijiya ta wanke hannu da sabulu da ƙasa, ta canja zani, ta sake alwala. Maigidana ya gaya mata liman ya ce ba sai ta wahalar da kanta haka ba. Ta ce liman da zuciyarsa, ita da tata. Ruwan sanyi da sabulu suka ci hannuwanta har suka tsattsage, in ta lanƙwasa yatsu sai jini ya tsattsafo. Na ce in riƙa ɗumama mata ruwan, da ƙyar ta yarda. Da yamma nakan shafa mata man kaɗanya tana kau da kai, wai ina mayar da ita maras lafiya.

Sauƙin bai zo a rana ɗaya ba. Kukan ƙirjin ya riƙa raguwa, majinar ta tsinke, ya fara ɗaga kai in ya ji motsi. Likitan ma da na mayar masa da kwikwiyon don allurar ƙarshe ya saurara ya ce, "To, Hajiya, da alama ya fasa tafiya." Ranar da muka tabbatar, rana ta fito bayan dogon lokaci, ina shanya a tsakar gida, sai ga shi ya fito da ƙafafunsa yana tangaɗi. Ya wuce ni kamar bai san ni ba, ya nufi zaure, ya kama silifas ɗin Inna na alwala ya hau tauna. Ta ce, "Alhamdu lillahi," da ƙarfi, sannan ta ga abin da yake taunawa ta saki salati ta ce in zo in ɗauke mata wannan abu.

Maman Biyu ta dawo bayan damina ta fara ja baya, sanye da baƙaƙen kaya, ta rame har wuyanta ya fito. Tagwayen suka riga ta shigowa. Ko gaisuwa ba su tsaya yi ba, suka zube a ƙasa, kwikwiyon yana hawa kansu yana lasar fuskokinsu, suna kiran wani suna da babansu ya raɗa masa. Tun da aka yi rasuwar, in ji uwarsu, ran nan ta fara jin dariyarsu. Ni a raina na ce shi ke nan, an rabu lafiya, babu dalilin tayar da zancen da ya wuce. Na ma yi wa Inna ido. Ta yi kamar ba ta gani ba.

Ta zaunar da Maman Biyu a tabarma, ta yi mata gaisuwar rashi, sannan ta ce, "Uwar Biyu, kafin ki ɗauki kayanki ki ji yadda na riƙe shi. Saura kaɗan in kashe miki shi da jahilcina." Ta faɗa mata komai, wankan da hayaƙin, ba ta rage ba, ba ta kuma sa sunana a ciki ba, ko da yake hannuna ne ya kwarara ruwan. Maman Biyu tana ji tana kallon zaure, inda tabarma da darduma suke har lokacin. Sannan idonta ya sauka kan hannuwan Inna. Ta kamo su ta juya, ta ga tsagar da ba ta gama warkewa ba, sai ta fashe da kuka.

"Mama, na san abin da kare yake a wurinku," in ji ta. "Wallahi na sani. Rasa inda zan kai shi na yi. Ko a bayan gida kika ɗaure shi, ba zan ga laifinki ba."

Inna ta zare hannunta a hankali ta gyara ɗankwali. "Har yanzu abin da yake ke nan a wurina," ta ce. "Amma ke kika ba ni, ni kuma na ce na karɓa."

Da suka tafi da shi, sai da muka wanke ɗakin nan tun daga daɓe har bango, aka sake shafe shi da farar ƙasa, aka turare shi, kafin Inna ta mayar da dardumarta. Har Allah ya karɓi ranta ba ta taɓa son kare ba, ba ta kuma taɓa yin kamar tana so ba.

Abin da na koya ke nan, kuma a kansa na yi ta auna kaina duk tsawon shekarun nan. Kafin wannan damina, na ɗauka riƙon amana shi ne a ba ka abu mai daraja ka ɓoye a ƙasan akwati ka mayar yadda yake. Wannan kowa ma zai iya. Inna ta nuna min cewa ranar da za a san ko kai mai amana ne, ita ce ranar da aka damƙa maka abin da ranka yake ƙi, mai shi ya yi nisa, ba mai ganinka, ga kuma hanyar zamewa a buɗe. Ita ba ta sauya abin da ta yi imani da shi ba, ba ta kuma bar ɗan halittar ya biya kuɗin imanin nata ba, ita ta kwana a zaure. Tun daga lokacin nakan yi jinkiri ƙwarai kafin in ce wa mutum na karɓa, domin na ga abin da kalmar take ci.